Ɗawisun Abdulmutallib

Duk Funtua babu wanda ya ba Abdulmutallib sunan Injiniya, shi ya raɗa wa kansa. Sati uku ya yi yana kallon darussan haɗa shafin intanet a waya, ranar da ya gama ya tafi wajen masu buga kati aka rubuta masa "Ƙwararren Injiniya". Daga ranar ko ƙosai zai saya sai ya rataya jakar kwamfuta. In ka kuskura ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji yadda ake saita agogo daga tauraron ɗan'adam kafin ka ji ƙarfe nawan.

Abu ɗaya ne a ransa, wato Bushra, 'yar Alhaji Ummaru Mai Iri. Yarinyar tana sonsa, don yana ba ta dariya, kuma in ka cire bakin mutumin kirki ne. Matsalar tana wajen uban. Alhaji Ummaru ya shekara talatin yana sayar da irin masara da taki da maganin feshi, kuma duk sana'ar da babu buhu ko mudu a cikinta bai yarda sana'a ba ce.

Ranar da Abdulmutallib ya je gaishe shi a shago, Alhaji bai ja zance ba.

"Malam Abdulmutallib, saƙonka ya iso. Tambayata ɗaya ce. Mece ce sana'arka?"

"Alhaji, gina shafuka nake yi."

"Au, magini ne kai? To ya na ga hannunka sumul?"

"A intanet nake ginin, Alhaji. Shagon nan naka in na ɗora shi a kai, mutumin China ma yana kwance zai ga buhunan nan."

"Ba ruwana da mutumin China. Mutumin Maska nake nema." Alhaji ya gyara zama a kan buhun taki. "Laraba ta sama zan buɗe sabon shago a can, zan kuma ba mutum hamsin na farko sabon irin masara kyauta su gwada. In shafin naka ya tara min mutum hamsin a bakin shagon, ka turo magabatanka. In bai tara ba, ka nemi mudu tukuna."

Abdulmutallib ya yi wata 'yar dariya ta tausayi.

"Hamsin? Alhaji, ka ƙaro benci."

Da la'asar ya same Bushra a zaure ya buɗe mata kwamfuta. Ita kuwa karatun kwamfutar take yi a Zariya, na gaske, mai jarrabawa, kuma washegari za ta koma. Ta leƙa ta ga wani irin rubutu, kowane harafi da jela, wani jelar ta naɗe ta dawo ta shiga cikin na kusa da shi.

"Wannan kuma mene ne?"

"Salon rubutu ne na musamman, daga waje na sauko da shi. Na sa masa suna Ɗawisu."

"Mutallib, ka bar rubutun da ke cikin waya mana. Kowace waya da nata haruffan ta zo, manomi na buɗe shafin zai gani. Wannan naka kuwa sai wayar ta sauke shi tukuna, ga sabis ɗin Maska ka san halinsa."

"Rubutun cikin waya? Wanda ake tura 'ina kwana' da shi? Haba Bushra, ai wannan rubutun talakawa ne."

"To ai su ne za su sayi irin."

"Mutunci nake so in saya wa Baba."

"Na ji. Amma ka kula da masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salo ke da su ba."

"Ɗawisu? Har haruffan Rashawa yana da su. Ke dai ki tafi ki ci jarrabawarki, ki bar wa manya aikin fili."

Ta karanta kan shafin ta ga ya rubuta SABUWAR ƘWAYA KYAUTA GA MUTUM HAMSIN NA FARKO, RANAR LARABA A MASKA. Ta ce Baba "iri" ya ce. Ya ce "iri" kalmar bakin kasuwa ce, "ƙwaya" ta fi kama da kimiyya. Bushra ta tashi ta je ta kawo masa zoɓo.

Kwana biyu bayan haka ya tara jama'a a rumfar Raufu mai gyaran waya, kusa da tasha, don a shaida buɗe shafin. Raufu Bayerabe ne haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu. Akwai kuma Malam Zubair, tsohon malamin firamare ɗan Maska, wanda ya shigo gari sayen igiyar caji, da 'yan acaɓa biyar da ba su da fasinja. Abdulmutallib ya yi jawabi na minti goma, sannan ya ba su adireshin ya ce kowa ya buɗe a wayarsa.

Kowa ya buɗe. Hoton Alhaji Ummaru ya fito daga hula zuwa gira ya tsaya nan, ƙasansa fari fat, ko ɗigo babu.

"Injiniya, nawa takarda ce fara," in ji wani ɗan acaɓa.

"Ka jira, yana zuwa."

"Daga ina?"

"Daga waje."

"A ƙasa yake tahowa?"

Malam Zubair ya ɗaga wayarsa sama ya juya ta gabas, ya juya ta yamma. "Ni dai na shekara talatin da biyar ina duba jarrabawa, na san yaron da bai rubuta komai ba in na gan shi."

Abdulmutallib ya ce matsalar daga ƙasa ce, sabis a sama yake. Ya hau benci, bai zo ba. Ya hau kan buhunan masara da aka jibge ana jiran mota, ya miƙa waya sama da hannu biyu. Can sai ya yi ihu, "Ya fito!" Daidai lokacin buhun da ke ƙarƙashinsa ya zame, Injiniya ya gangaro da baya ya zauna daɓas cikin kwandon tumatirin wata mata. Matar ta faɗi abin da ta faɗa, ba sai na maimaita ba.

Raufu ya miƙa masa tsumma yana danne dariya.

"Oga Injiniya, rubutun naka ya yi nauyi. Datar mutumin nan ta sati guda ta ƙare a kan jelar harafi. Kamar baƙo ne ka ba shi ɗaki da katifa, ya ce a'a, sai an ɗauko masa gadonsa daga Legas. Ka cire shi kawai, ka bar na waya."

"In cire Ɗawisu? Kai aikinka liƙa gilashi, ka tsaya a nan. Nauyi ya yi ko? To rage masa kaya zan yi."

Ya koma gida da jan wando, ya buɗe salon a wata manhaja, sai ga haruffa sun fi dubu jere cikin 'yan akwatuna. Na Girkawa, na Rashawa, wasu ma kamar tsutsa. Ransa ya ɓaci. Ashe kayan mutanen duniya yake ta ɗora wa manoman Maska! Ya danna daga bayan Z har ƙarshe ya share zanen da ke cikin kowane akwati, ya bar su wayam. Bai tsaya duba ba, ballantana ya ga cewa can tsakiyar baƙin haruffan, tsakanin wani mai hula da wani mai gemu, a nan ƙ da ɗ da ɓ suke zaune abinsu.

Ya ɗora Ɗawisu mai sauƙi a shafin. Ya duba a kwamfutarsa, komai cas, domin ita tana da cikakken salon a cikinta tun farko. Ya tura wa Bushra, ta buɗe da manhajar nan mai tsimin data wadda ba ta ma kula salon waje, ta ga rubutu sarai da haruffan wayarta, har ta yi murna ta ɗauka ya ji shawara. Sauran jama'ar Allah kuwa, duk inda harafi mai ƙugiya yake sai su ga fili.

Shafin ya fara buɗewa da sauri. Wani ya ɗauki hoton kan shafin ya jefa a zauren WhatsApp na manoma, daga nan ya faɗa na matan unguwa, ya tsallaka na 'yan acaɓa, kafin Asabar ya kai Dayi da Mahuta.

Ranar Lahadi Abdulmutallib yana zaune a shagon Alhaji na Funtua yana jiran yabo, sai ga wata mata ta shigo tana waige-waige. Ta rage murya.

"Alhaji, an ce kuna da maganin wari."

"Maganin me?"

"Wari. Ba ni ba ce, maigidan ne. In ya cire takalmi har kaji fita suke."

Alhaji ya ce shi maganin ƙwari yake sayarwa, na feshin wake. Ta ce to ko shi ɗin ne a ba ta, ta gwada. Da ƙyar aka lallashe ta ta tafi. Ba a jima ba wani makiyayi ya tsaya a ƙofa riƙe da igiyar wata tunkiya doguwa mai baƙin kai, ya ce an nuna masa a waya akwai maganin uda, ga udar nan ya kawo, kwana uku ba ta cin dusa.

Alhaji ya juya ya dubi Abdulmutallib.

"Me ka rubuta a abin nan naka?"

"Alhaji, ai alamar nasara ke nan. Shafi in ya yi ƙarfi har wanda ba a kira ba yana jawowa. A ilimance ana ce masa faɗaɗa kasuwa."

"Tunkiya ce faɗaɗa kasuwar?"

"Somin-taɓi ne."

Ranar Talata Raufu ya tare shi a hanya, fuska ba walwala.

"Oga, tsakani da Allah, Alhaji harkar waya zai shiga? Mu da muke ci a nan ko a gaya mana?"

"Raufu, zamani ya wuce ka. Daga yanzu komai na Alhaji ta waya ne."

"Har guda hamsin?"

"Hamsin na farko ke nan. In Alhaji ya ji daɗi, buhu-buhu za a riƙa kawowa."

Raufu ya riƙe baki. Da ya koma rumfa ya gaya wa mutum biyu, su kuma suka gaya wa garin.

Laraba da hantsi Alhaji Ummaru ya ɗauko Abdulmutallib a motarsa ta ɗaukar kaya, Injiniya ya sha farar shadda da tabarau. Tun kafin su shiga Maska suka fara ganin babura a gefen hanya, an jera su kamar ranar kasuwa. Da suka karyo kwana sai ga layi ya taso daga bakin sabon shagon, ya zagaye masallaci, ya bi ta bayan injin niƙa, ƙarshensa ya shige gonar wani. Maza da mata, 'yan makaranta da kayan makaranta, masu goyo, har da mai rake ya kafa tebur. Wani ya rubuta wa mutane lamba a tafin hannu da biro, an kai ɗari huɗu da wani abu.

Abdulmutallib ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya cire tabarau a hankali.

"Alhaji, na ce ka ƙaro benci."

Alhaji ya dube shi da wani ido da bai taɓa dubansa da shi ba. Aka buɗe shago, liman ya yi addu'a, aka fito da kwali cike da 'yan ƙullin irin masara a leda. Ta farko a layi wata tsohuwa ce, Iya Kulu daga Mahuta, wadda ta ce tun da aka sallame asuba take wurin. Alhaji da kansa ya miƙa mata ƙulli ɗaya da hannu biyu.

Ta karɓa ta juya shi. Ta matsa. Ta kai kunne.

"Alhaji, a ciki take?"

"Wa?"

"Wayar."

"Wace waya, Iya?"

"Sabuwar. Ni ko mai madannai ce ina so, in dai tana da fitila."

Na bayanta ya leƙo. "Masara ce! Jama'a, masara ake bayarwa!"

Maganar ta bi layi har cikin gona, ta dawo da ƙarfinta. Layi ya watse ya zama taro. Wani yana cewa daga Dayi ya yi shatar babur, wata tana cewa ta riga ta ba ƙanwarta tsohuwar wayarta, wani saurayi yana ɗaga sabon layin da ya saya jiya. Raufu kuwa yana gefe da tebur cike da gidan waya da gilashin kariya da ya kwaso don ya yi ciniki, ya kasa ko motsi.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Wa ya ce muku waya zan raba?"

Wayoyi fiye da ɗari suka tashi sama a lokaci guda. Malam Zubair ya matso ya sa gilashinsa, ya karanta da muryar aji.

"SABUWAR WAYA KYAUTA GA MUTUM HAMSIN NA FARKO."

"Ƙwaya!" Abdulmutallib ya yi tsalle ya hau benci. "Ƙwaya na rubuta! Ga shi a kwamfutata! Wayoyinku ne marasa inganci!"

"To da ma shi ya sa muka zo karɓar sababbi," in ji Iya Kulu.

Ana cikin haka Bushra ta sauko daga babur da jakarta, daga tasha ta wuto kai tsaye. Ta kutsa ta karɓi wayar Malam Zubair ta haɗa da tata, ta dubi wannan, ta dubi waccan. Sannan ta ɗago ta dubi mutumin da ke kan benci.

"Mutallib, ina ƙugiyoyin?"

"Na... rage masa kaya ne kaɗan."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga bayan Z."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta juya ta yi wa jama'a bayani a taƙaice, cewa duk harafin da ke da ƙugiya Injiniya ya share shi, shi ya sa ƙwaya ta zama waya, ƙwari ya zama wari, ƙuda ya zama uda. Malam Zubair da ya ji haka sai ya gyara tsayuwa, don ya daɗe bai samu takardar dubawa mai daɗin wannan ba. Ya ci gaba da karantawa da ƙarfi.

"Alhaji Ummaru, an kasuwa mai gaskiya. Ba ma sayar da kayan arya. Muna maraba da kowace ungiya." Dariya ta fara cin fushin jama'a. Ya gangara can ƙasan shafin. "Ga kuma sa hannun mai aikin. Wararren Injiniya Abdulmutallib ne ya tsara, da salon Awisu."

"Wararre!" in ji 'yan acaɓa baki ɗaya. "Wallahi an ware shi!"

"Saura layi ɗaya," in ji Malam Zubair. "Ya yi wannan aiki ne domin gidan Alhaji, saboda tsananin auna."

Nan Abdulmutallib ya ji kunya ta gaske, irin wadda ba ta da maganin baki. Layin nan shi kaɗai ne ya rubuta da zuciya ɗaya, ya ɓoye shi a ƙasa don Bushra ta gani, ga shi an karanta shi a gaban mutum ɗari huɗu babu kai. Ya sauko daga benci a hankali, ya rasa inda zai sa tabarau.

Bushra ta karɓi kwamfutarsa ta ɗora a kan buhu, ta goge layi ɗaya tak, wanda ke kiran Ɗawisu, ta ce kowa ya sake buɗewa. Shafin ya fito nan take da rubutun "ina kwana", kowace ƙugiya a wurinta.

Sai dai gyaran shafi bai mayar da kowa Dayi ba. Dattawa suka ja Alhaji gefe aka yi shawara, aka yanke cewa duk wanda ya zo, ba hamsin kaɗai ba, za a auna masa rabin mudu na sabon irin. Jama'a suka yi gunaguni suka amince, don damina ta kawo kai kuma irin mai kyau ne. Iya Kulu ce kaɗai ta ƙi motsawa. Ta ce ita lamba ɗaya ce, an rubuta waya, kuma ba ta san wata ƙugiya ba sai ta rijiya.

Alhaji ya miƙa wa Abdulmutallib hannu. Injiniya ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro wayarsa ya cire layin ya miƙa. Iya Kulu ta tabbatar tana da fitila, ta sa albarka, ta wuce wajen Raufu aka liƙa mata gilashi.

Abdulmutallib ya tattaro ragowar ƙarfin halinsa.

"Amma Alhaji, a duba. Hamsin ka ce. Na kawo ɗari huɗu."

"Ka kawo, ban musa ba." Alhaji ya shiga shago ya fito da mudu da buhu, ya dire su a gabansa. "Kai da hannunka ka rubuta saboda tsananin auna ka yi. To bismillah. Ka sallame su duka, mu ga ko sana'ar ta karɓe ka."

Haka Injiniya ya naɗe hannun farar shadda ya durƙusa. Yana aunawa ana "Sannu Wararre", yana aunawa ana tambayarsa ko akwai caja. Kafin azahar shaddar ta koma ruwan ƙasa, bayansa ya riƙe, maganin da aka cuɗa irin da shi ya rina masa hannu ja. Abin mamaki, awonsa bai da algus, har Alhaji ya tsaya yana kallo yana gyaɗa kai.

Wajen mutum na ɗari uku Bushra ta zo wucewa da butar ruwa, ta ajiye masa, ta saka wata 'yar takarda a ƙarƙashinta. Ya buɗe da jan hannunsa. Harafi ɗaya ne ta rubuta da biro, babba, ba ado ba jela: Ƙ.

"Ga abin da ka yar," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka mayar da shi gaban aunar taka. Baba ya ce su Kawunka su zo ranar Juma'a."

Abdulmutallib ya ƙura wa takardar ido, ya ji duk gajiyar ta sauka. Can ya karkata kai, ya ɗan nesanta takardar.

"Ya yi kyau ƙwarai. Amma Bushra, katin bikin fa, da za a ɗan yi wa haruffan jela..."

Daga cikin shago muryar Alhaji ta fito.

"Auna!"